Ki Ɗaga Kai Ki Kalle Su, Ummi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata kuma uwata, Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka Alƙahira lafiya, kayanki sun cika, cikinki ya kwanta bayan jirgi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba.

Na zaɓi in rubuta ne saboda ni da ke ba ma iya magana ta minti biyar ba mu hau sama ba. Innarki ta ce ta gaji da raba faɗa tsakanin mutum da inuwarsa. Gaskiyarta. Bakina kika ɗauko, ba ki rage komai ba. To takarda dai ba za ki katse ta ba, sai dai ki yaga, kuma na san ba za ki yaga ba sai kin kai ƙarshe, don ki ga ko akwai abin da za ki mayar mini.

Ga maganar. Makarantar koyon aikin jinya ta ba ki mako biyu bayan saukarki ki faɗa musu inda za ki zauna: ko ɗakin kwanan ɗalibai, inda za a haɗa ki da 'yan matan Masar uku, ko gidan hayar da 'yan matan Katsina da Kano suka kama a bayan makaranta. Ke kin zaɓi gidan hayar tun ba ki ga jirgi ba. Da na ce ban yarda ba, kika ce mini, "Baba, karatu zan je yi, ba zumunci ba. Larabci kuwa ina da shi." Ni kuma na faɗi abin da na faɗa, wanda ba zan maimaita shi a rubuce ba. Ki yafe mini. Abin da ya tunzura ni shi ne na ji muryata ce ke fitowa daga bakinki, muryar da na tafi da ita Libiya kina da wata huɗu a duniya.

Shekarar da ake ta hidimar ƙaddamar da Shari'a a jiharmu na tafi. Teloli mun yi yawa a layinmu, ɗinki ya yi kaɗan, na ji ana cewa a Sabha ana neman mai keke. Na bi ta Mai'adua, Damagaram, Agadas, har sahara. Abokin tafiyata Ɗanliti ne, mutumin Mai'adua, mai kora wa mutane shanu zuwa kasuwa, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ni kuwa ina ji da kaina. Kin san boko ban wuce aji uku ba, da takardun ƙunshin tsire da na ƙosai na koya wa kaina karatu. Larabcina kuma na zaure ne, sai wani tsohon ƙamus marar bango da nake haddacewa tsakanin ɗinki da ɗinki. Duk tsawon hanya ina gaya wa Ɗanliti kada ya damu, ni zan riƙa yi masa tafinta.

Washegarin saukarmu na tsaya gaban mai burodi na jero masa magana irin ta huɗubar Juma'a. Mutumin ya saki baki yana kallona, sannan ya leƙa waje ya kira maƙwabtansa su zo su ji, wai ga liman ya zo sayen burodi. Suka taru suna dariya, suna cewa in sake. Ban sake ba. Na juya na tafi cikina na kukan yunwa, zuciyata na tafasa. Sai da rana Ɗanliti ya shigo yana taunar wani abu, ya ce mai burodin ya biyo ni da burodi uku kyauta don maganata ta burge shi, bai same ni ba, shi ya karɓa a madadina, kuma ya riga ya cinye biyu.

Ummi, za su yi miki dariya. Larabcin da kika ci gasa da shi a Islamiyya na littafi ne, babu mai sayen tumatir da shi. Idan sun yi dariya, ki tsaya. Ki bari su gama, ki tambaye su yadda ake faɗa, ki faɗa, su sake dariya. Yawanci ba wulaƙanci ba ne. Ni na ɗauke shi wulaƙanci, na kulle bakina kusan shekara biyu.

Inda na kulle shi kuwa shi ne gidan Hausawa. Mu takwas ne a gidan. Muna tuƙa tuwonmu, muna sauraren labarai da Hausa a rediyo, muna musun siyasar gida kamar gobe za a kira mu majalisa, muna zagin Larabawa da harshen da ba sa ji. Wallahi akwai daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba. Idan ka shigo ka rufe ƙofa, kana Daura. Amma ki ji abin da na tara na harshen garin a wannan zaman: sunayen launuka, lambobin awo, "zo gobe", "bai gama ba", sai zagi. Zagi kam na iya shi kala-kala, domin mai fushi shi kunnensa ke fara kamawa a titi. Ɗanliti kuwa, da ba shi da ƙamus da zai kare mutuncinsa, ya samu aiki a wata gona a bayan gari, yana kwana cikinsu, yana ci da su. Bayan wata shida ya zo yana ba mai gidan hayarmu labari har mutumin na riƙe ciki. Ni na ce ai Larabcin jahilai yake yi. Haka ne kuwa. Sai dai shi ake gayyata bikin suna, ni ba wanda ya san sunana.

Ni a shagon wani dattijo nake ɗinki, Haj Miftah. Gajere ne, mai ƙatuwar murya, idan yana yi maka sannu sai ka zaci bashi yake bin ka. Kullum da hantsi yakan ajiye almakashi ya hura gawayi ya ɗora shayi. Shayinsu ba irin na mai shayin bakin tasha ba ne da za ka kurɓe ka tashi. Sau uku ake zubawa a 'yan ƙananan kofuna, na farko mai ɗaci da kumfa, na biyu da na'ana'a, na uku da gyaɗa a ciki, kuma kafin a kai na ukun an ci awa guda ana surutu. Maƙwabtan shago su zo su zauna. Kullum sai ya kira ni, kullum sai in ce alhamdu lillahi, na gode, in ci gaba da taka keke. A raina ina cewa dubi ragwaye, rana tsaka ana hira. Ranar Alhamis kuma matarsa takan aiko da wani tuwon sha'ir da suke kira bazin, a babban kwano ɗaya, kowa ya sa hannu. Ni sai in ɗebi nawa a murfi in zagaya bayan shago in ci.

Ke kin san dalilina. A gidanmu an taɓa ganin yaro ya sa hannu a kwanon maigidansa? Ni har kakanki Baffa ya rasu ban taɓa cin abinci yana kallona ba. Ladabi nake yi wa Haj Miftah, mafi kyawun ladabin da aka koya mini. Idan yana yi mini magana kuma, kaina a ƙasa, idona a kan ƙafafunsa, ina cewa na'am, na'am. Ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake a idonsa ba. Na lura dai ya rage kirana shayi, daga baya ya daina, na ce madalla, ya gane ni ba malalaci ba ne.

Sai ranar da yadin amarya ya ɓace. Wani mutum ne ya kawo shi, yadi mai nauyi mai zaren azurfa, na bikin 'yarsa. Mun dawo daga sallar Azahar babu shi a kan kanta, ga mai shi ya zo dubawa. Haj Miftah ya birkice shagon, sannan ya tsaya a gabana ya tambaye ni ko na gani. Na miƙe tsaye, na haɗa hannuwana, na sunkuyar da kai, na ce ban gani ba. Ya sake tambaya da ƙarfi. Na ƙara sunkuyawa, domin babba na faɗa, ƙara ladabi ake yi. Mai yadin ya ce wani abu da na tsinci kalma ɗaya a ciki, ɓarawo, yana nuna yadda na kasa ɗaga kai. Haj Miftah bai musa masa ba.

A nan ne abin ya tsinke. Duk zagin da na tara shekara biyu na zazzage musu shi a tsakiyar shago. Na zagi mai yadin, na zagi shagon, na zagi shayin, na zagi uban dattijon da ya girmi mahaifina. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ki duba abin kunya, Ummi: karo na farko da na yi doguwar magana da harshen mutanen nan, da ita na ci mutuncin wanda yake ciyar da ni. Na ɗauki hulata na fita.

Kwana huɗu ina kwance a gidan Hausawa, 'yan gidan na taya ni cewa ai dama haka suke, ba sa ƙaunar baƙar fata. A rana ta biyar da safe sai ga Ɗanliti ya shigo, Haj Miftah na biye da shi. Ashe matar dattijon ce ta biyo ta shagon muna masallaci, ta ɗauki yadin ta kai gida don ta yi masa aikin hannu a baki, ta manta ba ta faɗa ba. Ashe kuma Ɗanliti da ya ji labari, shagon ya nufa, ya zauna ya sha shayi har kofi na uku, sannan ya warware wa dattijon komai. Ya gaya masa a garinmu yaro mai tarbiyya ba ya kallon idon babba, ba ya cin kwano ɗaya da shi, ba ya zama inda manya ke hira. Ɗanliti ya ce mini dattijon ya amsa masa da cewa su a wurinsu mutum biyu ne ke yin haka, marar gaskiya da mai ƙyamar mutane, kuma shi ya daɗe da sa ni a layi na biyu, ranar yadin ce ya mayar da ni na farko.

Da na ga dattijon a tsakar gidanmu, kunya ta rufe ni. Na zube ƙasa na durƙusa zan ba shi haƙuri. Sai ya daka mini tsawa, ya cafki kafaɗata ya ɗaga ni, yana cewa Allah kaɗai ake durƙusa wa. Ko a neman gafarar ma na sake yin kuskure. Ya riƙe haɓata da hannunsa kamar mai duba akuya a kasuwa, ya ce:

"Shekara biyu kana shagona, ban san kalar idonka ba. Kalle ni."

Na kalle shi. Wallahi ya fi mini tsallaka sahara wuya. Ya ce ya zalunce ni, in yafe masa. Na ce ni ne na zagi mahaifinsa. Ya ce wannan kam sai na biya, kuma biyan shi ne daga yau ni zan riƙa wanke kofunan shayi. Da muka kama hanya ya ce da Ɗanliti, ashe yaron nan ya iya maganarmu haka, ya ɓoye, ko ɗan cikinsa bai taɓa zaginsa da tsari irin wannan ba.

To daga wannan zaman shayin ne harshen ya shige ni, ba daga ƙamus ba. Ban zauna na haddace komai ba. Ina wanke kofi ina jin yadda ake yi wa mutum jaje, yadda ake taya murnar haihuwa, yadda ake tsokanar mai rowa ba a ɓata ba. Na gane cewa idan za ka ƙi abincinsu, ba a cewa na gode a kau da kai. Sai ka dafa ƙirji, ka kalli mutum, ka rantse ka ƙoshi, ya rantse sai ka ci, ka ɗauki loma ɗaya, kowa ya huta. Na gane ƙarar muryarsu ba faɗa ba ce. Kuma abin da ya fi amfanata, na iya rarrabe mai wasa da mai raini. Domin masu rainin suna nan, ba zan ɓoye miki ba. Za a kira ki da launin fatarki a titi, wani da sha'awa, wani da ƙeta. Wanda bai zauna da su ba duk ɗaya yake jin su, sai ya yi ta faɗa da masoyinsa yana yi wa maƙiyinsa murmushi. Ni na yi duka biyun.

Yanzu ki dubi naki aikin. Ni yadi nake aunawa, yadi kuwa ba ya magana. Ke mutane za a ba ki. Shekara ta uku za a kai ki ɗakin marasa lafiya, a ajiye ki gaban wata tsohuwa daga ƙauye wadda ba ta san Turanci ba, ba ta san Larabcin littafi ba. Ba za ta gaya miki ciwonta yadda aka rubuta a littafinku ba. Za ta faɗe shi ne yadda take faɗa wa 'yarta, da rantsuwa, da kewaye-kewaye, da kiran sunan Allah, wataƙila ma ta ce lafiyarta ƙalau alhali tana mutuwa. Wa zai koya miki jin wannan? Ba malamin aji ba. 'Yan ɗakinki ne, ranar da ɗaya ta tashi da ciwon mara tana ƙorafi, ranar da ɗaya ke waya da kakarta, ranar da kuka yi cacar baki a kan wanda ya bar banɗaki a jiƙe. Idan kuma kika tsaya gaban tsohuwar nan kanki a ƙasa don ladabi, za ta ce yarinyar nan ba ta san aikinta ba, ko tana ƙyamarta, ta ƙi ba ki hannunta. Haka malamanki. Kada ki durƙusa musu, kada ki yi shiru idan sun tambaye ki don kunya. Ki ɗaga kai ki amsa.

Ban ce ki zama su ba. Sallarki, suturarki, da abin da kika sani tsakaninki da maza, waɗannan ba al'adar Daura ba ce da za a ajiye a filin jirgi, kuma ban taɓa jin tsoro a kanki ta wannan fuskar ba. Ban kuma ce ki yanke 'yan gidan haya ba. Ki je musu ranar Juma'a, ki ci tuwo, ki yi Hausa har muƙamuƙinki ya gaji, ki yi gulmar Misirawa idan ta kama, sannan ki koma ɗakinki. Ni ma ban bar zuwa gidan Hausawa ba. Wurin hutawa ne mai kyau, ni ne na mayar da shi wurin ɓuya.

Akwai abin da ban gaya miki ba ranar da muka yi faɗa, kuma ina jin shi ne ainihin abin da ke cin Innarki, shi ya sa take goyon bayan gidan hayar. Tana tsoron ki canza. To za ki canza. Ni da na dawo bayan shekara huɗu da rabi, na shiga zaure na tarar da Baffa a kan buzunsa, ban san lokacin da na rungume shi na sumbaci kansa ba, yadda na saba yi wa Haj Miftah ranar Idi. Tsohon ya ture ni yana salati, ya tambayi ƙannena ko wani abu ya taɓa ni a hanya. Innarki ta yi wata guda tana cewa in rage murya, maƙwabta na zaton dukanta nake yi, alhali ruwan wanka nake tambaya. Ke kanki kin ɓuya a bayanta kina leƙen wannan baƙo mai magana da hannuwa. A hankali na koma durƙusa wa Baffa, na koma cin abincina a gefe, domin nan Daura ce, haƙƙinsa ne. Amma ban zubar da ɗayan ba. Har yau idan mai ɗinki ya zo yana zargin na ci masa yadi, ina kallon tsakiyar idonsa in yi masa bayani, kuma ban sake zagin uban kowa a kan yadi ba. A kan wasu abubuwan dai, kin sani, ana nan ana fama.

Ba zan kira makarantar ba, ba zan sa kowa ya cika miki takarda a bayan idonki ba. Da bakinki za ki faɗa musu. Abin da nake roƙo a wurin uwata shi ne zango ɗaya. Ki zauna da 'yan Masar ɗin nan zangon karatu ɗaya, ki ci abin da suka ci, ki bari su gyara miki magana, ki yi fushi idan ya zo amma kada ki tattara kaya ranar da kika yi shi. Idan zangon ya ƙare kika ga cutuwa kike yi, ki koma gidan haya, ba zan ce uffan ba, kin kuwa san abin da wannan alkawarin zai ci mini.

Ni dai hankalina a kwance yake. Ina zaune a shagona, keke biyu na aiki, 'yata ta tafi karatun da ubanta bai samu ba. Masu cewa an tura mace ƙasar waje za ta lalace, na ba su amsa tun a masallaci, ba sai na maimaita ba. Ranar da Allah Ya dawo da ke, idan kika shigo zaure kika tsaya a tsaye, kika kalli idona kika gaishe ni da ƙatuwar murya, Innarki za ta kama haɓa, maƙwabta za su ce 'yar Habu ta dawo ba kunya. Ki bar ni da su. Kin san bakina bai mutu ba.

Allah Ya kiyaye ki a ɗaki da hanya da aji. Ya tsare ki daga sharrin mai raini, Ya ba ki haƙurin zama da mai wasa. Ya buɗe kunnenki, Ya sanyaya harshenki fiye da yadda Ya sanyaya nawa, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Ya dawo mana da ke muna raye. Innarki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki, Ɗanliti ma da na je Mai'adua ya ce in gaya miki kada ki yarda a ba ki burodi kyauta ki tafi ki bar shi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki kuma ɗanki,
Habu Tela, Daura.